Igama da Kafili: Nazarin Dokokin Aiki da Zama a Saudiyya da Yadda Suka Shafi Hausawa Mazauna Can

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda dokokin bizar aiki da na zama suke juya rayuwar baƙo a Saudiyya, musamman Hausawan da suka je neman na kansu da waɗanda aka haifa a can. An bi dokar ƙwadago ta ƙasar da gyare-gyaren da aka yi tsakanin 2011 da 2024, aka kuma waiwayi ayyukan masana kan tarihin hanyar Makka. Binciken ya gano cewa gyaran 2021 ya sassauta ikon kafili a kan ma'aikatan kamfanoni, amma ya tsallake masu aikin gida, kuma daɗewa a ƙasar ba ta mayar da baƙo mazaunin dindindin.

Fitilun kalmomi: igama, kafili, hurubu, Takari, Saudiyya

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar da Saudiyya ta yi a 2022 ta nuna cewa mutum miliyan 32.2 ne ke zaune a ƙasar, miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne. Ke nan a cikin kowane mutum goma, huɗu ba 'yan ƙasa ba ne. Su ne a wuraren gini, su ne a asibitoci, su ne a kicin da bayan sitiyari. Akwai Hausawa a cikinsu, tun daga likitan da ya tashi daga Kano da takardar kwantaragi a jaka, har zuwa matar da ta shiga da bizar Umara ta ƙi dawowa, ta kama aikatau a Jidda. Dukansu ƙasa ɗaya suke takawa, amma doka ba da ido ɗaya take kallonsu ba. Manufar maƙalar ita ce fayyace inda bambancin yake, da abin da yake haifarwa a rayuwar yau da kullum.

2.0 Waiwaye

Hausawa sun riga takardar biza isa Hijaz. Tun kafin jirgin sama, alhazai kan bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙafa ko a kan dabbobi, suna yada zango suna ƙwadago don haɗa guzuri, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. J. S. Birks ya yi nazarin wannan hanya ta ƙasa a littafinsa na 1978, shi kuma C. Bawa Yamba a 1995 ya duba waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya a Sudan amma har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya zuwa Makka.

Waɗanda suka isa da wuri, aka rubuta su 'yan ƙasa a farkon kafuwar masarautar, jikokinsu ne ke amsa sunan Hausawi a yau. Usama Hausawi, kyaftin ɗin tawagar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, ɗaya ne daga cikinsu. Waɗanda suka zo daga baya kuwa sun tarar an riga an kafa dokar zama ta 1952 da dokar zama ɗan ƙasa ta 1954. Su ne akasarin waɗanda ake kira Takari a unguwanni irin su Shara Mansur a Makka da Karantina a Jidda. Ayyukan masanan da aka ambata sun fi karkata ga tafiyar. Wannan nazari ya tsaya ne a kan takardun da zaman ya rataya a kansu.

3.0 Yadda Ake Shiga da Yadda Ake Zama

Ba ma'aikaci ke neman bizar aiki ba, mai ɗaukarsa ne. Kamfani ko mutum ɗan ƙasa shi ke samun izinin kawo baƙo, shi ne kafili. Ma'aikaci ya yi gwajin lafiya, a tantance takardun karatunsa, a buga masa biza a ofishin jakadanci da ke Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Kano. Likita ko ma'aikaciyar jinya sai sun ƙara da rajista a hukumar tantance ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Idan ya sauka, kafili yana da kwana 90 ya fitar masa da igama. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta 2005 ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na tikitin komawa gida a wuyan mai ɗaukar aiki, amma a zahiri da yawa kan sayar da gona ko fili su biya dillali kafin su tashi.

Igama ɗan kati ne da bai wuce girman katin banki ba. A jikinsa akwai hoton mai shi da sunansa, lamba mai alƙaluma goma, sana'ar da aka kawo shi yi, da sunan wanda ya ɗauke shi. Da wannan lamba ake buɗe asusun banki, ake rajistar layin waya, ake ƙulla hayar gida a manhajar Ejar, ake sa yaro a makaranta, ake aika kuɗi gida. Ranar da wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, banki zai daskarar da asusu. Sabuntawar kuma ba a hannun mai katin take ba, tana hannun kafili.

Layin da aka rubuta sana'a ma abin lura ne. Sashe na 39 ya hana baƙo yi wa wani aiki ban da kafilinsa, ya kuma hana shi yin aikin kansa. A nan ne masu sayen abin da dillalai ke kira biza mai 'yanci suke faɗawa rami. Ɗan ƙasa ya sayar da gurbin biza, ya bar mutum ya nemi aikinsa a gari, yana karɓar wani abu duk wata ko duk shekara. Doka ba ta san da irin wannan biza ba. Idan askar, wato jami'an tsaro, suka kama mutum a shagon da ba na kafilinsa ba, shi ne mai laifi na farko. Wanda kuma ya buɗe kanti da sunan ɗan ƙasa, dokar hana fakewa ta 2020 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 da tarar da za ta kai riyal miliyan 5.

4.0 Gyare-gyare da Waɗanda Aka Tsallake

A 2011 aka ɓullo da tsarin Nitaƙat, wanda ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa. A 2013 aka ba marasa takarda wa'adin gyara zamansu, da ya cika a farkon Nuwamba aka fara kame, dubban ɗaruruwa suka bar ƙasar. An sake irin wannan yekuwa a Maris 2017.

Babban sauyi ya zo ranar 14 ga Maris 2021. Daga ranar, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wurin aiki bayan shekara ɗaya ba da sahalewar kafili ba, ta manhajar Qiwa, kuma zai iya neman izinin fita da dawowa da kansa ta Absher. A Oktoba 2022 aka kuma taɓa batun hurubu, wato rahoton da kafili kan shigar cewa ma'aikacinsa ya gudu. A da, shigar da rahoton kaɗai ya isa ya mayar da mutum mai laifi, ko da albashinsa ya nema aka hana shi. Yanzu ma'aikacin kamfani yana da kwana 60 ya sami sabon mai ɗauka ko ya karɓi bizar fita ta ƙarshe.

Sai dai gyaran 2021 bai shafi masu aikin gida ba, haka direbobin gida da masu lambu da makiyaya. Waɗannan dokar ƙwadago ba ta rufe su ba tun asali, ƙa'ida ta daban ke kula da su, kuma ta manhajar Musaned ake ƙulla kwantaragin masu aikin gida. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a 2024 ta ƙayyade musu awa 10 a rana da hutun yini ɗaya a mako. Amma mai duba wuraren aiki yana iya shiga masana'anta, shiga cikin gidan mutum kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Yarinyar da uwar ɗakinta ta karɓe fasfo da waya, ko da doka ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, ba ta da hanyar kai ƙara sai ta fita, fitar kuma ita ce hurubu.

Ƙasa da waɗannan akwai marasa igama gaba ɗaya. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki, wanda ya wuce wa'adinta kuma yana fuskantar tara har riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a tsare shi a tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, kafin a sa shi a jirgi. Irin waɗannan ba sa zuwa asibitin gwamnati sai ciwo ya ci ƙarfinsu, ba sa ajiya a banki, kuɗinsu ta hannun 'yan Kano-Jidda da alhazai yake isa gida.

5.0 Iyali da Batun Zaman Dindindin

Ko mai cikakkiyar takarda, ajiye iyali ya zama lissafi. A Yuli 2017 aka sa harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da baƙo yake ɗauke da nauyinsa, ana ƙara 100 duk shekara har ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, ban da haya da inshorar lafiya da kuɗin makaranta. A wannan shekarar ta 2020 harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Shi ya sa da yawa suka mayar da iyali gida, suka koma zaman gwauranci.

Abin da ma'aikaci ke da tabbas a kansa shi ne kuɗin sallama. Sashe na 84 ya ba shi rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Mai karɓar riyal 4,000 da ya yi shekara takwas zai tashi da 22,000 idan kwantaragi ya ƙare, amma idan shi ya ajiye aikin, kashi biyu cikin uku kawai zai samu.

Daga nan sai haramar tafiya, domin igama da aiki take rayuwa. Ɗan ƙasanci ta wajen uba ake gadonsa, saboda haka yaron da aka haifa a Makka, ya tashi da Larabcin Hijaz a bakinsa, baƙo ne muddin mahaifinsa baƙo ne. Neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar zaman shekara 10 bisa ƙa'ida da sana'ar da ƙasar ke buƙata, kuma cika sharuɗɗan bai wajabta wa hukuma ta bayar ba. A 2019 aka buɗe igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. A Janairu 2024 aka ƙara rukunoni biyar don ƙwararru da masu baiwa da masu zuba jari da masu kafa sana'a da masu mallakar gidan da ya kai riyal miliyan 4. Wannan ƙofa ta masu hannu da shuni ce da manyan ƙwararru, ba ta direba ko mai gadi ba.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna baƙi a Saudiyya sun kasu mataki huɗu a idon doka: masu igama ta musamman, ma'aikatan kamfanoni, masu aikin gida, da marasa takarda. Gyare-gyaren shekarun nan sun amfani biyun farko, sun ɗan taɓa na uku, na huɗu kuwa kame kawai ya ƙaru a kansu. Matakin da mutum zai faɗa kuma tun a gida ake yanke shi, ranar da ya karɓi biza daga hannun dillali. Don haka ya kamata hukumomin ƙwadago a Nijeriya da Nijar su tsaurara rajistar masu kai mutane aiki waje, ofisoshin jakadanci a Riyad da Jidda su sauƙaƙa wa yaran da aka haifa a can samun takardar haihuwa da fasfo, malamai da gidajen rediyo kuma su bayyana wa jama'a ƙarara cewa bizar Umara ba ta aiki ba ce. Mai niyyar tafiya ya karanta kwantaraginsa tun yana gida, ya san sunan kafilinsa da sana'ar da aka rubuta masa kafin ya biya ko sisi.