Makullin Cen: Tarihin Keke a Bakin Iyakarmu



A jikin keke babu abin da ya kai makullin cen ƙanƙanta da rashin kwarjini. Gaɓa ɗaya ce tak cikin gaɓoɓi sama da ɗari, ita ake buɗewa idan za a cire sarƙar a wanke ko a sauya ta. Amma a 'yan shekarun nan, daga Madekali har kasuwar Malanbil, wannan 'yar gaɓa ta zama abin gardama tsakanin masu keke da masu gyara. A kawo keke mai giya, makullin ya ƙi buɗuwa, mai gyara ya ɗauko guduma, kwana kaɗan cen ɗin ya tsinke da yaro a hanyar makaranta. Mai keke ya ce an cuce shi, mai gyara ya ce kayan zamani ne ba su da aure. A ganinmu kowannensu yana da rabin gaskiya, sauran rabin kuwa yana cikin tarihin yadda keke ya zo mana da yadda ya sauya a hannunmu.

Kakanninmu a bayan jakuna suka san wannan ƙasa. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Jega yakan ƙetare Kwara ta wajen Ilo da Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya nufi Salaga ta Gwanja neman goro. Zangunan wannan hanya su ne asalin zaman Hausawa da yawa a tsakanin Dandawa. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya a Faris, Ilo ta faɗa rabon Ingila, ƙasar da ke sama da ita ta faɗa rabon Faransa. Daga ranar muka zama mutanen bakin iyaka: hukumarmu tana kudu, kasuwarmu da danginmu suna gabas.

Wanda ke son shaidar ta inda keke ya shigo mana, ya saurari bakinmu. Shekara sama da ɗari harshen hukuma a nan Faransanci ne, amma har yau cewa muke cen, feda, birki, taya, kariya, faci, giris, dukkansu daga Ingilishi aka aro su. Tsohuwar kalmar basukur ma daga can take, kalmar keke kuwa daga bakin Yarbawa muka karɓe ta. Sirdi kawai muka ɗauko daga kayan doki muka ɗora masa. Sunayen sun biyo kayan ne, kayan kuwa ta hanyar Najeriya suka fi zuwa.

Ita kanta sarƙar ta girmi iyakar da shekara 18. A 1880 wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Hans Renold, mazaunin Manchesta, ya ƙera sarƙa mai zobba masu juyawa a kan ƙusoshi. A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry ya fitar da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Kafin nan ƙafar gaba ta keke ta kai ƙirjin mutum, faɗuwa daga kanta kuwa sai mai ɗori. A 1888 Dunlop ya kawo taya mai iska. Tazarar da aka tsaya a kai tsakanin ƙusa da ƙusa, rabin inci, wato milimita 12.7, ita ce har gobe a kusan kowane keke da ke duniya, na Ingila ne ko na Sin.

Keken da ya kafa suna a ƙasar Hausa shi ne Raleigh na birnin Nottingham, wanda muke kira Rali, har daga baya kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano. Akwai Hercules da Phillips, amma Rali ne sarkinsu. Dattawanmu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, sukan ba da labarin zamanin da mallakar Rali ke ɗaga darajar mutum a gaban surukai, zamanin da a ɓangaren Ingila sai an yankar wa keke lasin a ofishin En'e. An gama gadar Malanbil zuwa Gaya a 1958, manyan motoci suka riƙa bin ta da gyaɗar Nijar zuwa tashar jirgin ƙasa ta Faraku. Ƙananan hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka da tungaye kuwa, waɗanda mota ba ta shiga, na keke ne da jaki.

Cen ɗin wancan keke mai kauri ne, faɗin cikinsa kashi ɗaya cikin takwas na inci, kimanin milimita 3.2, kuma da yawa yana lulluɓe cikin gidan cen na ƙarfe wanda ke kare shi daga rairayi. Makullinsa abu uku ne: falle mai ƙusoshi biyu, falle na biyu da ake rufawa a kansu, sai ɗan siririn maƙali mai baki buɗe da ke riƙe su. Da bakin filaya ko sukundireba ake ture maƙalin, cen ya rabu biyu. Ƙa'ida ɗaya ce kowane yaron shago ke haddacewa kafin a bar shi ya taɓa keken mutane: rufaffen kan maƙalin shi ke fuskantar inda cen ke tafiya, domin in aka juya shi, duk abin da ya goge shi zai iya fizge shi.

Sai shekarun matsi suka zo. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo a dare ɗaya. Rali ya yi wuya, Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka maye gurbinsa, a kan siffarsa aka yi su amma ba su kai shi ƙarko ba. A wannan zamani ne masu gyaranmu suka nuna gwanintarsu. In maƙali ya ɓace ba a jiran sabo. Mai gyara zai ajiye noti a kan maƙera ko dutse, ya ɗora gaɓar a kan ramin notin, ya sa ƙusa ya buga har ƙusar gaɓar ta fita, ya yanko gaɓa daga wani mataccen cen ya haɗa, ya mayar da ƙusar, ya daddaƙe kanta don kada ta zame. Da wannan dabara cen uku matattu ke zama ɗaya mai rai. Ba mu yarda a raina waɗannan mutane ba. Da gudumarsu albasa da shinkafar fadamunmu suka riƙa isa kasuwa lokacin da babu kuɗin sabon kaya.

Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne kaurin ƙarfen. Ƙusar tsohon cen tana da rara a kowane gefe, fallen kuma yana jure duka. Waɗanda suka zauna gaban malamai a tafsirin Suratu Saba'i za su tuna umarnin da aka yi wa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, na ya kyautata awo wajen saƙar sulke. Malaman tafsiri sun bayyana cewa kada ƙusa ta yi siriri ta riƙa lilo a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Sarƙar keke ma a kan wannan awo take tsaye, sai dai tsohuwar tana yafe kuskuren awo, sabuwar ba ta yafewa.

Kafin sabuwar ta iso, babur ya riga ya ƙwace hanya. Abin mamaki shi ne sana'ar zemijan da ta cika Kwatano daga keke ta samo asali, domin a yankin Porto-Novo da kekuna aka fara ɗaukar mata masu tallar tuwon masara da kayansu. Da babura suka yi araha, ga kuma fetur ɗin Najeriya mai rahusa a kwalabe a kowane lungu, sai samarin da suka fi kaifin basira suka bar gindin bishiyar mai gyaran keke suka koma gyaran babur. Keke ya zama na ɗalibai da manoma da tsofaffi. Sana'ar ta tsaya cak a inda iyayen gida suka bar ta, a daidai lokacin da kayan aikinta ke shirin sauyawa.

Sauyin ta teku ya zo. Kekunan gwanjo daga Turai da Asiya suna sauka a tashar Kwatano, su yi tafiyar kilomita sama da 700 ta Faraku da Kandi su iso mana. Da yawansu masu giya ne, faranti shida, bakwai, takwas, wani lokaci har tara ko goma jere a ƙafar baya. Don cen ya iya tsallaka tsakanin waɗannan faranti dole a sirantar da shi: faɗin waje na mai giya takwas ya ɗan haura milimita 7, na mai giya goma bai wuce kusan 6 ba. Maƙalin da muka sani ba shi da wuri a nan, zai riƙa sarƙewa da farantin kusa. Don haka kamfanoni irin su KMC na Taiwan da SRAM na Amurka da Wippermann na Jamus suka riƙa sa wani makulli dabam. Tagwaye ne: falle biyu masu kama ɗaya, kowanne da ƙusa ɗaya a wannan kai da dogon rami a wancan kai, ramin yana da faɗi ta ciki, ƙunci ta waje. Kan kowace ƙusa yana shiga ta wurin faɗin, in aka ja cen ɗin sai wuyanta ya zame ya zauna a ƙuncin. Jan da ƙafar mahayi ke yi shi ne ke ƙara kulle shi.

Wannan ne sirrin taurin kansa. Duk wanda ya kama cen ya ja gefe da gefe don ya buɗe, ƙara ɗaure shi yake yi. Ƙasarmu kuma tana taimaka masa. Waɗannan kekuna ba su da gidan cen. Rairayin bakin kogi da ƙurar hunturu suna haɗuwa da baƙin man da muke ɗurawa, su zama tamkar laka, su cike ɗan sararin da ƙusar ke buƙata ta koma baya. In damina ta zo tsatsa ta ɗora nata. Ga kuma abin da masu gyara da yawa ba su ji ba: na masu giya goma zuwa sama, wasu kamfanoni da gangan suke yin sa da ɗan tudu a cikin ramin, don ya kulle sau ɗaya, in an buɗe a sa sabo.

Buɗe shi ba ya son ƙarfi. A fara wanke gaɓar da kananzir da tsohon buroshi har a ga ramukan fes. A sassauta cen ɗin, ko dai a sauke shi daga farantin gaba, ko a tura hannun abin canza giya gaba. Sannan a matse fallayen biyu ciki da yatsu, a tura ƙusoshin biyu su kusanci juna. Idan ya ƙi, akwai filaya ta musamman mai siraran baki da ke kama zobban biyu ta matse su. Inda babu ita, tsohuwar wayar birki ta isa: a zura ta ta ramin da ke gaban makullin, a fito da ita ta ramin da ke bayansa yadda za ta rungume zobban biyu, a gicciya bakunanta, a ja da filaya, zai saki. Wajen mayarwa kuwa, a juyo makullin ya zo layin sama na cen, a riƙe birkin baya, a taka feda da ƙarfi sau ɗaya har a ji ya zauna.

Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da nan. Kan ƙusar siririn cen a daddaƙe yake tun daga masana'anta, daidai da fuskar fallen. In aka buge ta da ƙusa da noti, wannan ɗan baki yana yankewa, ramin fallen yana buɗewa, ko an mayar da ita ba za ta ƙara riƙewa kamar da ba. Keke zai bar shago lafiya, sai ranar da aka ɗora buhu ko aka taka a hawa, fallen ya buɗe. Mahayi a tsaye yake kan feda a irin wannan lokaci, faɗuwar kuwa ba ta da kyau.

Da a ce shekara goma baya ne, da sai mu ce maganar ba ta kai a tara jama'a ba. Amma ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, kwalbar da muka saba saye da araha ta yi tsada. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli na wannan shekara aka rufe gadar Malanbil, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, masu dako da masu kabu-kabu da yawa suka rasa abin yi. Magidanta da suka jingine keke shekaru suka sake fito da shi, wasu suka sayi na gwanjo don 'ya'yansu. Cen da aka ɓata yau ba kowa ke da kuɗin sauya shi gobe ba, kuma tsohon farantin baya da ya ci tare da tsohon cen sau da yawa ba ya karɓar sabo, sai ya riƙa tsalle, a sake sayen faranti.

Masu gyaran da suka girme mu ba su rasa basirar koyon wannan ba. Mutumin da ya iya ɗaure sifok talatin da shida har ƙafa ta miƙe ba zai gagara matse zobba biyu ba, nuna masa ne ba a yi ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Kano su ma suna da nasu rabon, domin makullin ba ɗaya ba ne: na giya shida zuwa takwas yawanci ɗaya ne, na tara dabam, na goma dabam, kuma wani ba ya zama a gurbin wani. Wanda za a aika sayowa ya fara ƙirga farantan da ke ƙafar baya, ko ya tafi da guntun tsohon cen ɗin a aljihu.