Ƙaro: Yadda Za Ka Gane Shi, Ka Ɗebe Shi, Ka Adana Shi

Manomi ɗan'uwa, ƙaro shi ne ruwan da itace ke fitarwa idan ya ji rauni, ya daskare a jikin ɓawo. Ba duka ƙaro ne ɗaya ba, kuma rashin sanin bambancin ne ke jawo wa mutane asara a kasuwa.

Iri biyu ne

Jefa ƙwaya ɗaya a kofin ruwa, ka bar ta ta kwana. In ta narke, ƙaron ruwa ne, irin na dakwara. In ta ƙi narkewa, amma tana ƙamshi a kan garwashi, ƙaron turare ne, irin na hano ko maje.

Amfaninsa

Ƙaron dakwara ne ke riƙe tawada a jikin allo da takarda. Shi ya sa rubutun malaman da ke nan Gwammaja da sauran unguwannin cikin birni ke daɗewa bai kaɗe ba. Masu wankin hula ma da ƙaro suke sa ta tsaya ƙyam. Kamfanonin lemon kwalba da alewa na saye, a jikin kayansu za ka ga lambarsa E414. Na hano da maje kuwa, da su ake turara ɗaki da tufafi.

Yadda ake tsaga

Ka bari dakwara ta kai shekara 4 zuwa 5. Lokacin tsaga shi ne bayan ɗaukewar damina, in ganye ya fara zuba. Ka ɗaye ɓawo siriri a reshe, kada wuƙa ta shiga cikin itacen, don zurfin yanka na kashe bishiya. Bayan mako 4 zuwa 6 sai ka fara tsinka, daga nan duk bayan mako 2.

Adanawa

Tsinka da hannu, kar ka bari ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi. Shanya a inuwa, ka zuba a buhun algarara, ban da leda, domin gumi na manne shi ya zama dunƙule.

Ƙaron dakwara shi ne lamba ɗaya, irin wanda Jigawa da Yobe da Borno suka yi suna a kai. Kar ka gauraya shi da wani don buhu ya cika. Dillali na gani zai saye duka a farashin na ƙasa, garin neman ƙiba ka samo rama.