Maƙerar Kurusa a idon ɗalibai: tarihin karatun L'Enfant noir

A shekarar 1953 ne maɗaba'ar Plon ta birnin Paris ta fitar da wani ɗan littafi mai suna L'Enfant noir, wato "Yaro baƙar fata". Marubucinsa, Kamara Laye, saurayi ne ɗan shekara 25, haifaffen Kurusa ta ƙasar Gine, a bakin kogin Kwara, kogin nan da ya ratsa Yamai. Ya tafi Faransa a 1947 don koyon aikin mota a Argenteuil, daga baya neman abin kai wa bakin salati ya kai shi masana'antar motoci ta Simca. Cikin sanyi da kaɗaici ya riƙa rubuta abin da yake tunawa na gida: maƙerar mahaifinsa, inda ake narka zinariya maroƙi yana kaɗa kora, ɗan baƙin macijin da ke ziyartar uban, wanda aka hana kowa ya taɓa, girbin shinkafa a Tindikan, ƙauyen kakarsa, daren Kondan Diyara da yara ke kwana suna jin rurin zakuna, sannan kaciya, da tafiya Konakiri, da rabuwa.

Turawa sun yi na'am da littafin, har aka ba shi lambar yabo ta Charles Veillon a 1954. Amma masu karatunsa na farko daga cikin ƴan Afirka ɗalibai ne da ke jami'o'in Faransa, kuma zamanin na tashin hankali ne. A 1946 kaɗai aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka, a 1950 aka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta FEANF, a 1954 kuwa yaƙin Aljeriya ya ɓarke. Wani ɗalibi ɗan Kamaru mai shekara 22, Alexandre Biyidi, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Mongo Beti, shi ya fi kowa ɗaga murya. A mujallar Présence Africaine, a 1954 da kuma 1955, ya zargi Laye da rufe ido ga zaluncin mulkin mallaka, da zana wata Afirka mai daɗin kallo irin wadda Bature ke son gani. A ganinsa, ɗan Gine da ya girma a waɗannan shekaru ba ya da hujjar yin shiru game da kwamanda da haraji da bulala. Ga matasan da ke fafutukar neman ƴanci, begen ƙuruciya wani jin daɗi ne da lokacinsa bai yi ba.

Da aka samu mulkin kai, sai littafin ya shiga wata rayuwa. Sababbin ƙasashe suna bukatar rubutun ƴan Afirka a cikin manhaja, ga shi Faransancin Laye mai sauƙi ne, jimlolinsa a tsare. Aka yanko sassansa aka zuba a littattafan karatu, aka yi shifta da su, waƙar da ya buɗe littafin da ita don girmama mahaifiyarsa kuwa ta zama abin hadda daga Dakar har Damagaram. Yaran da suka zauna a kan benci a shekarun 1960 da 1970, da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka shiga lakol. Ɗan Maraɗi ko ɗan Tawa bai bukaci dogon bayani game da asirin maƙera ba, ko gayya a gona, ko fargabar kaciya. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ganin waɗannan abubuwa cikin harshen da aka saba ba shi labarin dusar ƙanƙara da shi. Wannan zuriya ta ƙaunaci littafin domin ta ga gidansu a ciki.

Ana cikin wannan hadda, shi marubucin yana ɗanɗana wata azaba. Ya koma Gine a 1956, ya yi wa gwamnatin Seku Ture aiki, sannan ya saɓa da ita, ya yi gudun hijira zuwa Senegal. Littafinsa Dramouss na 1966 ya soki mulkin kama-karya a fili. An tsare matarsa Mari a Gine daga 1970, ta yi shekara bakwai a kurkuku. Laye ya rasu a Dakar ranar 4 ga Fabrairu 1980. Mutumin da aka ce ya guji siyasa, siyasa ce ta raba shi da ƙasarsa har ƙarshen ransa.

Ɗalibin yau kuma da wani ido yake karantawa. Malaman Faransanci sun san cewa labarin maciji kan jawo gardama a aji, wasu su ce camfi ne, wasu su ce shirka. Sun san kuma babin da ba ya bukatar a ce a yi shiru: inda manyan ɗalibai ke dukan ƙanana suna ƙwace musu abinci, har mahaifin Laye ya je makaranta ya lakaɗa wa shugabanta duka. Amma babin ƙarshe shi ya fi taɓa zuciya. Uwa tana kuka tana ƙin yarda ɗanta ya tafi, uba ya amince don ya san ba makawa, yaro kuma yana cikin jirgin sama da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris a aljihunsa. A yankin da kusan kowane gida yake da wanda ya tafi ci-rani Kano, ko Abijan, ko Aljeriya, ba sai an fassara wa kowa hawayen wannan uwa ba.

A nan ne ya kamata a sake auna zargin Beti. Gaskiya ne babu kwamanda a cikin littafin. Sai dai akwai layin dogo da ke wucewa dab da gidan, wanda tartsatsinsa kan kunna wa shinge wuta, akwai kuma makarantar Bature da ke janye yaro daga maƙera sannu a hankali. Tun a babin farko uban ya koka cewa ɗansa ba ya zama kusa da shi, yana tsoron zai tafi kafin ya gaji sirrin gidan. Sau da yawa Laye yana amsa cewa akwai al'adun da ya gani amma bai san ma'anarsu ba, domin ya bar gida da wuri. Wannan asara ita ce Abdu Mumuni, ɗan Nijar kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa FEANF, ya yi wa bayani da hujjoji a littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964.

Saboda haka malamin da ya mayar da L'Enfant noir abin shifta kawai ya tauye wa ɗalibansa rabin littafin. Ya fi kyau a ajiye sukar Beti kusa da shi, a bar yara su yi shari'a da kansu, cikin Faransanci da Hausa. Sannan a tura kowannensu gida ya tambayi kakansa ko kakarsa abu ɗaya da suka sani wanda shi bai sani ba, ya rubuto shi, tun masu ba da amsar suna da rai.