Tarihin Rabon Kuɗin Makarantu a Arewacin Nijeriya

Tazarar da ke tsakanin makarantun gwamnati na Arewacin Nijeriya da na Kudu, da ma tsakanin birni da ƙauye a cikin Arewar kanta, ta samo asali ne daga hanyar da kuɗi ke bi kafin su isa aji. Tun daga dokar ilimi ta 1882 gwamnatin Turawa take ba makarantun mishan na Legas tallafi, amma a masarautun Arewa, inda aka taƙaita shigar mishan, mafi yawan nauyin karatun boko ya faɗa wa Baitulmali, wato asusun En'e da ake tara haraji da jangali a cikinsa. Saboda haka ƙarfin makaranta ya zama daidai da ƙarfin aljihun masarautarta, har ya kasance abin da Kano za ta iya kashewa ƙaramar masarauta ba ta isa ta kusance shi ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina ta 1922, mutane ƙalilan suka horar, yayin da dubban tsangayoyi, inda akasarin yara suke karatu, aka bar su ga sadakar jama'a.

Malaman makaranta na cikin waɗanda suka fara kokawa kan wannan rashin daidaito, musamman bayan Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Yankin Yamma ya soma ilimin firamare kyauta a 1955, amma Arewa sai a 1976 ta ga irinsa, lokacin da aka ƙaddamar da shirin UPE a duk ƙasa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, bisa sharaɗin cewa jiha ba za ta karɓi kasonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. An sa sharaɗin ne domin jihohi su ɗauki nauyinsu, sai dai a aikace ya farfaɗo da tsohuwar cutar rashin daidaito, domin biliyoyin naira kan kwanta a hukumar UBEC mai raba kuɗin, alhali yara na zaune a ƙasa a azuzuwan da ba rufi. Hukunta yaro saboda talaucin jiharsa ko sakacin gwamnansa zalunci ne, kuma wajibi ne majalisar tarayya ta gyara wannan doka yadda rabo zai bi yawan yara da tsananin buƙatarsu.