Zaman Ofis da Zaman Gaban Talabijin Ba Ɗaya Ba Ne: Waiwaye kan Haɗarin Ciwon Zuciya ga Manya

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa kowane irin zama lahaninsa ɗaya ne ga zuciya. Hujjojin da aka duba sun fi ɗora laifin kan zaman kallo.

Gabatarwa

Tun 1953, da Jeremy Morris da abokan aikinsa suka gano cewa direbobin bas na Landan sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, masana suka tasa zama a gaba. Binciken Dunstan a Ostiraliya (2010), kan manya 8,800, ya danganta kowace awa ɗaya ta kallo a rana da ƙarin kashi 18 cikin ɗari na haɗarin mutuwa ta cututtukan zuciya. Grøntved da Hu (2011) sun samu ƙarin kashi 15 na haɗarin kamuwa a kowace awa biyu. Kallo waɗannan nazari biyu suka auna, amma masu yaɗa sakamakon suka yi wa zama kuɗin goro, har ana cewa kujera ta zama sabuwar taba. Nan muka sha bamban da su.

Hanyar bincike

An kwatanta nazarce-nazarcen da suka bi manya tsawon shekaru, an fifita wanda ya raba zaman aiki da zaman kallo.

Sakamako

Nazarin Jackson, a jihar Misisipi ta Amurka, wanda Garcia da abokanta suka wallafa a 2019, shi ya raba gardama. An bi baƙaƙen fata 3,592 sama da shekara takwas. Masu kallon fiye da awa huɗu a rana sun ɗara masu ƙasa da awa biyu haɗarin ciwon zuciya ko mutuwa da kashi 49. Waɗanda ke wuni zaune a wurin aiki kuwa, ba a ga wani ƙari a kansu ba.

Ga yadda muke fassara shi. Ma'aikaci yakan tashi, ya miƙa takarda, ya amsa kiran shugaba. Mai kallo kan baje ne bayan ya cika ciki da abincin dare, lokacin da sukari da kitse ke yawo cikin jini, tsokar ƙafa kuma ba ta motsi balle ta ƙone su, ga lemon kwalba da ɗan abin taɓawa a gefe. Motsa jiki na minti 150 a mako ya shafe wannan haɗari a Jackson, kodayake Ekelund (2016) ya nuna cewa ga masu kallon awa biyar, rage shi kawai yake yi.

Iyakokin binciken

Dole a ambata cewa mutanen ne suka faɗi awanninsu da bakinsu, kuma mai yawan kallo ba safai yake faɗin gaskiya ba. Masu aikin zaune sukan fi samun albashi da ilimi, wanda kan iya rufe lahanin kujerarsu. Haka nan mai ciwo a ɓoye kan lizimci gida ya yawaita kallo. Waɗannan na iya rage girman alƙaluman, amma ba mu ga sun isa su goge bambancin ba.