Waƙar dariya ita ma tarihi ce

Jama'a, kowa ya san asalinmu. Katsinawan da suka baro Katsina bayan 1807 su suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Sarakuna suna da makaɗansu, kasuwa kuwa tana da ƴan kama. Ɗan kama shi ne mai ɗaukar waƙar babban mawaƙi, ya bar muryarta yadda take, ya cire sunan sarki ya sa tuwo da miya. Ko karatun malam bai bari ba. Abin da talaka ke jin nauyin faɗi, shi yakan faɗe shi, a yi dariya a watse.

Waƙar fada tana da magada, ɗa ya karɓa wajen uba. Ta dariya kuwa, in kasuwa ta tashi, sau da yawa ta tafi ke nan. An buɗe gidan rediyo a Yamai a 1958, amma sai a shekarun 1970, da kasat ta shigo hannunmu, kowa ya iya ɗaukar murya da kansa. A zamanin Seini Kunce, 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da samariya. Samarin Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa suka riƙa ƙago nasu waƙoƙi, ƴan lakwal na rubutawa cikin kaye.

To, kasat ba ta jure zafi da ƙura. Wanda ke da ita cikin akwati, ko a Kano yake ko Abijan, ya aiko wa ƙungiya mu juye ta cikin waya, tun dattawanmu na da rai su gaya mana wa aka yi wa zambon.