Wasannin Cike Gurbi a Ingila: Adalci ko Kasuwa?

Da aka kafa gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila a 1888 da ƙungiyoyi 12, babu maganar hawa ko faɗuwa. Sai da aka buɗe rukuni na biyu a 1892 aka rasa yadda za a tantance mai hawa, aka ƙirƙiro wasannin gwaji tsakanin na ƙasan rukuni na ɗaya da na saman na biyu. Tsarin ya mutu a 1898, ranar da Stoke da Burnley suka gane canjaras zai wadatar da su duka, suka yi ta yawo da ƙwallo har aka tashi babu ci. Daga nan aka koma ga maki zalla.

To me ya dawo da wasannin cike gurbi a 1987? Ba neman adalci ba ne. Ana son rage rukuni na ɗaya daga 22 zuwa 20, filaye kuma sun yi ƙarancin 'yan kallo. Chelsea ta rukuni na ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta a 1988, da Middlesbrough ta rukuni na biyu ta doke ta a wasannin ta tura ta ƙasa. Masu suka na cewa zalunci ne ƙungiyar da ta ƙare ta uku ta sha kashi a hannun ta shida, wata tara na wahala su tafi a banza. Gaskiyarsu. Amma tsarin ya sa ƙungiyoyin tsakiyar tebur, waɗanda a da suke saduda tun watan Maris, suna fafutuka har ranar ƙarshe, kuma tun 1990 wasan ƙarshe guda ɗaya ne ke raba gardama.